Wasiƙar Banki Ko Fatsar Ɓarawo?

Duk wanda ya taɓa ganin masunta a madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye ya san cewa kifi ba ya ganin ƙugiya, tana kawai yake gani. To, da wannan dabara ce 'yan damfara ke farautar mutane ta imel, shi ya sa ma Turawa suka laƙaba mata sunan da ya samo asali daga kamun kifi.

Ga yadda abin yake. Sai malami a Rogo ya sami wasiƙa mai ɗauke da tambarin bankinsa, ana ce masa za a rufe asusun albashinsa yau in bai latsa wani mahaɗi ya tabbatar da bayanansa ba. Da ya latsa, sai ga shafi kamar an tsaga kara da na bankin, alhali kuwa harafi ɗaya aka sauya a adireshin. Duk abin da ya rubuta a ciki, hannun ɓarawo yake faɗawa.

A ganina, kariya guda ce: kada ka bi hanyar da wasiƙa ta shimfiɗa maka, bi wadda ka sani. Rubuta adireshin bankin da hannunka, ko ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshe. Banki na gaskiya ba ya neman lambar sirrinka ko lambar nan ta wucin gadi da yake turowa. Lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, ita ma ba ta rabawa ba ce. Ɗalibi mai neman jami'a kuma ya tuna cewa adireshin hukumar JAMB shi ne jamb.gov.ng.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan wannan zamba. Amma kuɗin da suka fita da wuya su dawo, kuma rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ina kira ga malaman kwamfuta na makarantun sakandare da su ware darasi guda, su nuna wa ɗalibai wasiƙar ƙarya su gano aibinta da kansu. Yaron da ya koyi wannan, shi zai tsare asusun mahaifinsa a gida.