A Auna Jakar Hannu Tun Tana Wayam

Matafiyi kyawun jaka yake dubawa, ma'aikacin filin jirgi kuwa sikeli. Emirates da Qatar Airways kilo 7 suka yarje wa fasinjan ƙaramar kujera ya shiga da shi, har da nauyin jakar kanta. Tayoyi da sandar ja sukan ci rabonsu kafin a sa ko riga ɗaya. Saboda haka jakar yadi mai taya biyu da suka nutse a jikinta ta fi akwati mai huɗu, domin tayar da ta turo waje ita ma ana lissafa ta a awo. Aibinta ɗaya: yadi yana ba da hali, sai mai ita ya yi ta cusa tsaraba har ta kumbura. Irinta ake karɓewa a ƙofar jirgi, wataƙila da maganin hawan jini a ciki.