KAFIN A HAYE KWARA, A YI LISSAFI

Duk wanda ya zauna a bakin Kwara a Dole Kaina ranar da jirage ke lodi, ya kasa kunne ga hirar samari, zai ji magana ɗaya ce ke zagawa a bakinsu. Wai naira ta faɗi, sefa ta yi daraja, a ƙasar Benin kuwa an yi shugabanni masu barin kasuwa ta yi halinta, saboda haka mai neman arziki ba abin da ya rage masa sai ya haye. Wannan magana ta game Lolo da Illo da Bagudo, har ta kutsa cikin makarantu, inda yaran manyan azuzuwa su ke tambayar malamansu amfanin zama bisa benci alhali tsararrakinsu na aiko wa iyaye da sefa. Tun da abin ya kai nan, tilas mu ce wani abu. Ba mu hana kowa tafiya ba, ba mu kuwa da ikon hanawa. Roƙonmu ɗaya ne, kowa ya zauna ya yi lissafi tun yana wannan gaɓa, don lissafin da a ke yi a tsakiyar ruwa ba ya da amfani.

Ƙetare kogi dai ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa fataken goro su ke tasowa daga Kano da Sakkwato, su biyo ta Jega, su haye Kwara wajen Illo ko Gaya, su ratsa Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Iyakar da ke tsakaninmu da Benin kuwa, Ingilishi da Faransawa ne suka shata ta bisa takarda tun daga yarjejeniyarsu ta 1898, ba su tambayi Dandawa ko Kyangawa ko Fulani ko Hausawan da ke zaune hagu da dama ba. Har gobe akwai mai gona a nan, surukai a can. Saboda haka wanda ya tafi cin kasuwar Malanbil, ya kwana biyu ya komo, ba da shi mu ke ba. Maganarmu a kan mai shirin kwashe ya-nasa-ya-nasa ce, ya sayar da 'yar gonarsa ko babur ɗinsa, ko ya bar makaranta, ya nufi Paraku ko Kwatano da niyyar zama.

Abin da ya ta da wannan ƙura kowa ya san shi. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar fetur da a ke saye ƙasa da naira 200 nan da nan ta kai 500, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Dalar Amurka da a ke canzarwa wajen naira 460 a hannun Gwamnati ta wuce 1,500 cikin 2024. Ita kuwa sefa a ɗaure ta ke da yuro, kuɗin Turai, bisa farashi ƙayyadadde, watau kusan sefa 656 kowane yuro guda. Da naira ta gangara, sai sefa ta yi sama. A Janairun 2023 Benin ta yanka mafi ƙarancin albashi sefa 52,000 a wata, wanda a canjin ƙarshen 2024 ya haura naira 100,000, alhali namu da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Yaron da ya ji wannan, in zuciyarsa ta raya masa tafiya, ba a ga laifinsa ba.

Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da samari ba su lura da shi ba shi ne, maganin nan mai ɗaci da ke korarsu daga gida, mutanen Benin sun riga mu shansa, sun kuwa sha shi har sau uku. Mathieu Kérékou ya ƙwaci mulki a 1972, a 1974 ya ɗora ƙasar bisa tafarkin gurguzu, Gwamnati ta riƙe bankuna da manyan kamfanoni. Kafin 1989 bankunan sun durƙushe, malaman makaranta da sauran ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi. A ƙarshen shekarar aka yar da gurguzu, a Fabrairun 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano, a 1991 aka zaɓi Nicéphore Soglo, tsohon ma'aikacin Bankin Duniya, aka shiga sayar da kamfanonin Gwamnati. Wannan shi ne na fari. Na biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. Wanda ya ke zaton sefa ba ta faɗuwa, sai ya tambayi dattawan da suka ga wannan rana. Na uku kuwa shi ne mulkin Patrice Talon, attajirin auduga, wanda ya hau a Afrilun 2016, aka sake zaɓensa a 2021.

Ba za mu rage wa mutumin nan abin da aka yi a zamaninsa ba. An shimfiɗa tituna a Kwatano da waɗansu birane. A 2018 aka danƙa tafiyar da tashar jiragen ruwa ta Kwatano a hannun masu tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Auduga ta yi albarka, har a kakar 2018 zuwa 2019 Benin ta wuce Mali ta zama kan gaba a Afirka. An kafa unguwar masana'antu a Glo-Djigbé, kusa da Kwatano, inda a ke kaɗa audugar ƙasar, a saƙa, a ɗinka. Tun 2017 kuma aka faɗaɗa ciyar da yara a makarantun firamare, abin da duk mai kishin ilmi zai yaba. Waɗannan duk gaskiya ne, su ne kuwa matafiya ke ba da labari in sun komo.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. A Janairun 2017 hukuma ta bi titunan Kwatano da sauran manyan garuruwa tana rushe rumfunan da ke bakin hanya, masu tireda da masu shayi da masu tuyar ƙosai suka wayi gari ba wurin kasa kaya. A cikin shekarar nan dai aka kafa dokar ɗaukar ma'aikata wadda ta ba mai kamfani damar ya riƙa sabunta wa mutum kwantiragin ɗan lokaci ba iyaka, ba tare da ya tabbatar da shi a aiki ba. A 2018 aka taƙaita yajin aiki zuwa kwana 10 a shekara, aka hana shi ɗungum ga ma'aikatan asibiti da masu ɗamara. A 2019 aka yi zaɓen majalisa ba jam'iyyar hamayya ko ɗaya a cikinsa. Malaminmu da ke kwaɗayin albashin sefa, ya sani dubban masu koyarwa a can tun 2019 a kan kwantiragi aka ɗauke su. In haka dokar ta ke ga ɗan ƙasa, ina ga baƙo?

Ga abin da mu ke so masu karatu su riƙe. Mulkin da ya sakar wa kasuwa mara, mai jari ya ke yi wa shimfiɗa, sa'an nan mai sana'a a hannu. Wanda ba ya da kome sai ƙarfin ƙirjinsa, shi ne haja mafi araha a irin wannan kasuwa, domin irinsa sun yi yawa, in ya ƙi aiki yau, goma na tsaye a ƙofa.

Kada kuma wani ya zaci barin kasuwa ta yi halinta na nufin ba doka. Gwamnatin da ta rage hannunta a ciniki, ita ce ta fi kowa zafi wajen karɓar haraji da bin takardu. Kai, wani lokaci ma ta kan ɗaure kasuwar da kanta in ribar manya ta bukaci haka. A Afrilun 2024 Benin ta hana fitar da ɗanyen waken suya da 'ya'yan kashu zuwa waje, don masana'antun cikin gida su sami abin sarrafawa. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya saba sayen buhu biyar ya haye da su, rana ɗaya ya zama mai laifi. Cinikin iyaka kuwa, wanda da yawa ke dogara da shi, a hannun masu mulki ya ke. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi layi, kaya suka ruɓe, jari ya karye. Masu tallar fetur ɗin Nijeriya cikin kwalabe, wanda a can su ke kira kpayo, su ma ribarsu ta tsuke tun da aka janye tallafi a wajenmu.

Yanzu sai mu zo kan lissafin. A ce saurayi ya isa Kwatano lafiya, ya sami dako ko kabu-kabu. A gida tukunyar gandu ya ke ci, a zauren mahaifinsa ya ke kwana, in zazzaɓi ya kama shi akwai mai dafa masa kunu. A can ɗaki da kuɗi, ruwa da kuɗi, abinci da magani da kuɗi, dukansu kuwa da sefa za a biya. Sefar da ke da nauyi in an kawo ta Kamba ko Bagudo, a Kwatano nauyinta bai wuce na farashin Kwatano ba. Ribar matafiyi ita ce abin da ya rage a aljihunsa bayan ya ci, ya sha, ya biya haya. A ɗebe daga ciki damanar da gonarsa ta kwana ba a nome ba, a ɗebe shekarun karatun da ya zubar. Abin da ya saura, shi za a auna da zaman gida. Wanda ya sayar da gona don albashin da ya ji a bakin mutane, cinikin biri a sama ya yi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi, watau matsayin baƙo. Dattawan zango ba su manta da Gana ba. Dokta Kofi Busia ya hau mulki a 1969 da manufar buɗe kasuwa, ya bar tafarkin Nkrumah. Bai cika wata biyu ba, ran 18 ga Nuwamba, aka ba duk baƙon da ba ya da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Hausawa da Zabarmawa da Yarabawa dubbai, waɗansu can aka haife su, suka bar gidaje da rumfuna suka kamo hanya. Mu ma ba mu da bakin zargi, domin a 1983 Nijeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya. Duk ƙasar da abinci ya yi wa wuya, baƙo ta ke fara dubawa. Gaskiya ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Benin ba biza, amma ta kwana 90 ce, ga mai takardar tafiya ingantacciya. Mai niyyar zama sai ya nemi izinin zama. Har ila yau a tuna arewacin Benin, wajen dajin W da jihar Alibori, ya sha hare-haren 'yan bindiga, a Afrilun 2025 kaɗai Gwamnatin ƙasar ta ce an kashe mata soja 54. Wanda ya gudu daga rashin kwanciyar hankali, ya bincika kada ya faɗa wani.

Shawararmu ke nan. Mai sana'a tabbatacciya, kamar makaniki ko magini ko tela ko mai walda, wanda ya ji Faransanci gwargwado, ya ke da takardunsa, ya ke da mai masauki amintacce a zango, ya kuma bar gonarsa a hannun ɗan'uwa, wannan in ya tafi ba mu ce ya yi wauta ba. Ya fara da cin rani, ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Amma yaron da bai gama makaranta ba, ko wanda zai sayar da abin da ya gada don kuɗin mota, muna roƙon iyayensa da hakimai da limamai su zaunar da shi. Ya ƙare karatu, ya koyi sana'a, Kwara ba za ta ƙafe kafin ya gama ba.

Su kuma hukumominmu, nasu nauyin ya fi. Ba a tsare matashi a gida da wa'azi kaɗai. Ga fadamun Kwara masu ba da shinkafa da albasa, suna bukatar hanya da taki da injin ban-ruwa a farashin da talaka zai iya. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya. In akwai inda ya kamata wannan magana ta tashi daga takarda ta shiga aji, to, garuruwan iyaka ne. A horar da malaman Faransanci, a buɗe azuzuwan koyon sana'a, domin ɗanmu in zai haye ya haye da abin sayarwa a kansa da hannunsa, in kuwa zai zauna ya sami abin da zai zaunar da shi.

Allah Ya ba shugabanni ikon tausaya wa talakawa, Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su gida da alheri. Amin.