Tsohon Talabijin Ba Ya Son Gaggawa

A wannan mako zan jingine zancen siyasa da tsadar kasuwa, in ba ku labarin wata wauta da na tafka da hannuna, gama na san akwai gidaje da dama, daga Agege har Sakkwato, inda irin abin da ya ja ni yake ajiye a ɗaki an lulluɓe shi da tsumma.

Watan jiya na je Sabo ta Ibadan, inda kakana ya yi zaman fataucin goro. Muna kwashe shirgi daga wani ɗaki sai muka tarar da akwatin talabijin ɗinsa, mai jikin katako, mai hoto baƙi da fari. Ibadan ce ta fara ganin talabijin a ƙasar nan, ran 31 ga Oktoba, 1959, sa'ad da Gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tashar WNTV. Kaduna ta biyo baya a 1962, hoto mai launi kuwa sai a 1975 aka soma shi a Jos. Watau akwatin nan ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma iyayenmu sun sha gaya mana yadda yaran unguwa ke cika tsakar gida dominsa bayan magariba.

Doki ya ɗebe ni. Na kaɗe ƙura, na laluɓo filogi, na soka a bango. Aka ɗan yi shiru, can sai wata ƙara kamar an fasa kwalba, farin hayaƙi mai wari ya turnuƙe ɗakin. Allah Ya taimake ni na fizge filogin.

Aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin da irin waɗannan akwatuna ke sababbi. Da ya ji abin da na yi, ya daɗe yana dubana, kana ya ce, "Ɗana, wanda ya yi shekara arba'in yana barci ba a tashinsa da bulala." Na ce, "Baba, na ɗauka in bai yi ba, iyakarta ya ƙi kamawa." Ya kwance bayan akwatin ya ce in matso, amma in riƙe hannuwana a baya.

A ciki akwai kwalabe ƙanana jere, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Su ne ke yin aikin da taransisto ta zo ta karɓa daga baya, kuma sai sun yi zafi suke aiki, shi ya sa talabijin na da yakan ɗauki lokaci kafin hoto ya fito. Abin mamaki, ya ce bawul ba su cika lalacewa don zama ba. Masu ciwon su ne kondansa, watau ƙananan ma'ajin wuta. Wasu an naɗe su da takarda an shafe da kakin zuma. Shekaru da laima sukan sa su riƙa yoyon wuta, su saki ta bi inda bai kamata ba. Wasu kuma manya ne cikin gwangwanin alminiyam, da wani ruwan magani a ciki. In sun daɗe ba su ga wuta ba, siririn rufin da ke raba ɓangarorinsu yakan lalace, sai ka danna musu volt 230 farat ɗaya su yi zafi su fashe. Nawa ɗaya daga cikin na takardar ne ya tarwatse, kuma ya ce na yi arziki. Da na bar shi minti kaɗan, da mai yiwuwa taransifomar da ke haɗa wutar gilashin hoto ta ƙone, ita kuwa ba a ƙera irinta yanzu, sai dai a ciro daga gawar wani akwatin.

Wannan hasarar kaya ce. Ta rai ita ce ta fi tsorata ni. Da yawa daga cikin talabijin na Turai na wancan zamani ba su da taransifomar da ke raba su da wutar gari. Waya ɗaya ta wutar bango an ɗaure ta kai tsaye a jikin farantin ƙarfen da aka dasa kayan a kansa. In an juya wayoyin filogi, ko mai haɗa wutar gidan ya juya su a soket, to, farantin nan gaba ɗaya wuta ne, wanda ya taɓa shi yana tsaye ba takalmi ya taɓa ajalinsa. Shi ya sa masu ƙera su suka rufe kome da katako da roba. Maɓalli ɗaya ya ɓalle ya bar sandar ƙarfe a waje, ya isa. Har wa yau gilashin hoton kansa yana aiki da wuta mai kaiwa volt 15,000 ko fiye, kuma yakan riƙe ta bayan an kashe akwatin. Ba iska a cikinsa, saboda haka in wuyansa ya karye yana iya fashewa ya watsa kwalba. Na lura dattijon nan ba ya sa hannu biyu cikin akwati. Ɗaya kullum yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ta ƙirji.

Kwana tara aikin ya ci, kuma mafi yawansu ba a kunna kome ba. Ya share ƙura da kashin kyankyasai da buroshi, ya shanya farantin ya sha iska, ya sauya wayar wuta da ɓera ya ɓarza. Ya cire kondansa na takarda ya liƙa sababbi da dalma, bai tsaya gwada su ba. Manyan na gwangwani kuwa ya yi ta ba su wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i yana duban mita, waɗanda suka farfaɗo ya bari, wanda ya ƙi ya sauya. Ya kuma auna wayoyin da ke ɗumama bawul, gama an jera su ne kamar tasbaha a zare ɗaya, in ɗaya ta tsinke duka su mutu.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi araha. Ranar kunnawa, ya sa taransifoma mai raba akwatin da wutar gari, sa'an nan ya tsaga waya ɗaya ya ɗaura ƙwan fitila mai wat 100 a tsakani, yadda wuta ba za ta kai ga talabijin ba sai ta bi ta cikin ƙwan. In akwai inda wayoyi suka haɗu a ciki, ƙwan zai haska tar ya tsaya haka, ya shanye wutar, akwatin ya tsira. In lafiya, zai haska ya dushe. Amma fa sai ƙwai irin na da mai zare a ciki. Waɗannan fararen na zamani marasa cin wuta ba sa yin wannan aiki, kuma sai da muka zaga shaguna huɗu kafin mu samu.

Saura hoto. Tun da aka soma mayar da talabijin tsarin dijital a Jos a 2016, abin da dikoda ke fitarwa ba yaren tsohon akwati ba ne. Sai an sa wata 'yar na'ura a tsakani mai juya shi ya shiga ta ramin eriya. Ya gargaɗe ni kada in yarda wani ya haɗa dikoda da farantin kai tsaye, kuma ya sauya 'yan kondansan da ke tsare ramin eriyar, don in sun yi yoyo wuta takan bi waya ta fita waje.

Ya danna maɓalli. Ƙwan ya haska, ya dushe. Bawul suka soma ja kamar garwashi, ƙanshin ƙura mai zafi ya tashi. Can na ji wani siririn fito, na ce, "Baba, ga wata ƙara." Ya yi dariya ya ce ita yake jira, alama ce wutar gilashi ta tashi, amma shi kunnensa ya daina jin ta tun tuni, shi ya sa ya zaunar da ni kusa. Muna cikin haka sai gilashin ya yi fari-fari, hoton ya yi ta birgima sama, ya murɗa wani maɓalli a baya, ya tsaya cak a kan wata mace tana karanta labarai.