Daskarar da maniyyi da shekarun uba: Gwajin da mazan Wurno, Rabah da Goronyo ke gudu

A 'yan shekarun nan, cibiyoyin taimakon haihuwa na Legas da Abuja sun shiga tallata wata hidima da a da ba a san ta a Arewa ba: namiji ya bayar da maniyyinsa a daskarar, a adana masa har ranar da zai buƙace shi. Tallan ya iso wayoyin 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a daidai lokacin da tsadar lefe da kuɗin haya ke jinkirta auren samari, yayin da dattawa masu hali ke ci gaba da ƙara aure bayan sun haura hamsin.

A gabashin Jihar Sakkwato, batun ya tono wata tambaya da ta girmi wannan fasaha: idan gida ya shekara da shekaru babu kukan jariri, wa ake kaiwa asibiti? Binciken alƙaluma da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a matsakaici macen Sakkwato na haihuwar 'ya'ya bakwai. A irin wannan wuri rashin haihuwa kaya ne mai nauyi, kuma kusan kullum a kan mace ake aza shi. Ita ake kira juya, ita ke shan jiƙe-jiƙe, ita ake yi wa kishiya ko a sallame ta. Maigida kuwa sai ya sake aure sau biyu ko uku kafin wani ya yi ƙarfin halin ce masa ya je a duba shi.

Rabin matsalar na wurin maza

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, namiji na da hannu a ciki. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha. Zai ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, ya bayar da maniyyi, a duba yawan ƙwayoyin haihuwa da motsinsu da surarsu. Ma'aunin hukumar na 2021 ya ɗauki ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin ƙaramin adadin da ake sa ran gani. Ana yin wannan gwaji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Abin da ke hana maza zuwa shi ne ruɗanin da ke tsakanin ƙarfin kwanciya da ƙarfin haihuwa. Mutum na iya zama lafiyayye a shimfiɗa alhali maniyyinsa babu ƙwaya ko ɗaya. Maganin maza da ake tallatawa a ranakun kasuwa ba ya ƙara ƙwayoyin haihuwa, allurar sinadarin testosterone kuwa, wadda wasu ke yi da sunan ƙarin kuzari, rage su ma take yi.

Abin da ruwan noman rani ke ɗauke da shi

Yankin na da nasa dalilan na musamman. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Kogin Rima, da madatsar Lugu mai shayar da gonakin Wurno, da fadamar Kogin Sakkwato a Rabah, su ne ƙashin bayan noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma ruwan da ke kwance a magudanai mazauni ne na katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Mutane sun san cutar da fitsarin jini, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar sa alamar balagar yaro. Kaɗan ne suka san cewa ƙwayayen tsutsar na iya maƙalewa a mafitsara da hanyoyin maniyyi, su haddasa kumburi, su kuma taɓa ingancinsa. Maganinta, praziquantel, ana raba shi kyauta, sai dai rabon ya fi karkata ga 'yan makaranta, manomin da ke wuni cikin ruwa har gwiwa kan wuce ba tare da ya sha ba.

Ga kuma feshin maganin ƙwari ba tare da kariya ba, da ciwon sanyi da aka yi wa rabin magani a kemis har ya toshe hanya, da hangum idan ya kama namiji bayan balaga, da shan tiramadol. Jiki na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya kammala sababbin ƙwayoyi, saboda haka wanda ya bar abin da ke cutar da shi yakan jira wata uku kafin gwaji ya nuna canji.

Shekarun uba

An saba cewa namiji ba ya tsufa da haihuwa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin tsoho ɗan saba'in na iya samun ɗa. Amma daga shekara 40 ingancin maniyyi na raguwa sannu a hankali, samun ciki na ɗaukar lokaci, haɗarin ɓari na ƙaruwa ko da matar yarinya ce. Wani bincike da aka yi a ƙasar Iceland a 2012 ya gano cewa duk shekara ɗaya da ta ƙaru a kan shekarun uba na ƙara kusan sauye-sauye biyu a ƙwayoyin gadon da ɗa ke karɓa. Galibin 'ya'yan dattawa lafiya lau ake haihuwar su, haɗarin ga kowane yaro ƙarami ne. Lissafin da ya fi tsauri na rayuwa ne: ma'aikacin da ya samu jariri yana da shekara 58 zai yi ritaya kafin yaron ya shiga firamare.

Wa daskarewar ta dace da shi?

Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun 1953 aka samu cikin farko da daskararren maniyyi a jihar Iowa ta Amurka. Ana ajiye shi a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma yana iya shafe shekaru masu yawa bai lalace ba, muddin ana ƙara ruwan a kai a kai, ana kuma biyan kuɗin ajiya. Wanda ya fi buƙatarta shi ne matashin da za a fara yi wa maganin ciwon daji, domin ƙarin ruwan kansa da gashin na'ura na iya kashe ƙwayoyin haihuwa har abada. Haka ma mai sikila da za a ɗora a kan hydroxyurea ya kamata a tattauna da shi tun da wuri. Irin waɗannan na da haƙƙin a gaya musu kafin allurar farko, ko da aljihunsu ba zai kai ba.

Shari'a ta shata iyaka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta idan akwai larura, ta haramta shigo da na wani. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ba a amfani da abin da aka adana bayan mutuwar miji ko rabuwar aure. Tunda nasaba da gado sun rataya a kan takardar da aka manna a jikin kwalba, wajibi ne mai son ajiya ya binciki cibiyar da zai ba amana.

Ga talakan Rabah ko Goronyo, wanda hare-haren 'yan bindiga irin na Tabanni a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 suka mayar wa tafiya asibiti abin fargaba, ajiya a Abuja zance ne na nesa. Abin da ke kusa shi ne ma'aikatar lafiya ta jiha ta samar da gwajin maniyyi a manyan asibitocin ƙananan hukumomin uku, ta faɗaɗa rabon maganin tsargiya zuwa manoma da masunta. Malamai kuma, waɗanda ake fara kai wa wannan kuka, su riƙa tura miji da mata asibiti tare idan an shekara babu ciki. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kafin a fara lissafin lefen amarya ta biyu saboda ta farko ba ta haihu ba, adalci ne maigida ya fara karɓo sakamakon nasa gwajin.