Akwatin Nema da Bai San Sunayenmu Ba

Duk ranar da aka ce an fitar da sunayen waɗanda suka sami ƙarin girma, ko waɗanda suka tsallake tantancewa, mun san abin da ke biyo baya a ɗakin malamai. Kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ya buɗe shafin hukuma, ya rubuta sunansa a ɗan akwatin nema, shafin ya amsa masa da Turanci cewa babu. Nan take gaba ya faɗi, domin a aikin gwamnati wanda babu sunansa shi ake kira ma'aikacin bogi, kuma albashinsa ne ke fara tsayawa.

Sau da yawa kuwa sunan yana nan daram. Akwatin ne aka gina shi a kan zaton cewa kowane suna hanya ɗaya ake rubuta shi, alhali namu ba haka suke ba. Mutum ɗaya Muhammadu ne a takardar firamare, Mohammed a ta kwalejin ilimi, Moh'd kuma a hannun akawun da ya gaji. Sa'adatu ta sa ɗan waƙafin nan na sama, wanda ya shigar da sunanta bai sa ba, shi ke nan ta ɓace. Wani an gabatar da sunan mahaifinsa a kan nasa, wani kuma sunan garinsu ne a ƙarshe, kamar yadda yake ga Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne na haruffa masu lanƙwasa. Mu ne muke tsayawa gaban allo muna nanata wa yara cewa baƙi ba baki ba ne, ƙafa ba kafa ba ce. Sai ga shi Ɗahiru ba ya samun kansa a shafin gwamnati sai ya koma Dahiru, wato sai ya aikata kuskuren da yake jan kunnen ɗan aji uku a kansa.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar kwangila. Google ya daɗe yana tambayar mutum ko abu kaza yake nufi idan ya yi kuskuren rubutu. A tsara akwatin ya ɗauki ɗ da d, ƙ da k, ɓ da b a matsayin ɗaya yayin nema, ya kau da kai daga waƙafi da jerin sunaye, ya kawo mafi kusa maimakon ya ce babu. Tun da masu suna iri ɗaya suna da yawa, a nuna makaranta da ƙaramar hukuma kusa da kowane suna. A jiha kamar Kano mai ƙananan hukumomi 44 wannan dole ne. A kuma bar mutum ya nema da lambar fayil ɗinsa. Shafin ya zama mara nauyi, don da kuɗin aljihunmu muke sayen data.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu cikin abin da za su kai wa hukuma kafin tantancewa ta gaba, su kuma nemi a ba malamai goma daga makarantun karkara damar gwada shafin da wayoyinsu kafin a buɗe shi.