Simon Lalong da lissafin kashi biyu bisa uku

Majalisar Dokokin Jihar Filato tana da kujeru 24. Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a tsige gwamna ba sai da amincewar kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisa, kamar yadda sashe na 188 ya tanada, kuma sashe na 92 ya ɗora wannan sharaɗin a kan tsige kakaki. A Filato wannan na nufin mutum 16. Lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi, amma sau biyu a rayuwar siyasar Sanata Simon Bako Lalong aka take shi a gabansa.

Lalong lauya ne, ɗan asalin Shendam. Ya shiga majalisar jihar a 1999 a ƙarƙashin PDP, ya zama kakaki a 2000, ya riƙe kujerar har 2006. A watan Mayun 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a jihar, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye tare da majalisar da Lalong ke jagoranta na tsawon wata shida, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya ya riƙe jihar. A watan Nuwamban 2006 kuma 'yan majalisa shida kacal suka zauna suka ce sun tsige Dariye, da Michael Dapianlong a kujerar kakaki. Lalong ba ya cikinsu. A watan Afrilun 2007 Kotun Ƙoli ta tabbatar da soke wannan tsigewa.

Babu mai wanke Dariye a nan. Kotu ta same shi da laifin almundahana a 2018, ya shiga gidan yari, kafin a yi masa afuwa a 2022. Amma laifin gwamna bai mayar da shida ta zama goma sha shida ba. Abin da hukuncin 2007 ya koyar ke nan, kuma kakakin da aka ture daga kujerarsa a wancan rikici ya fi kowa saninsa.

Lalong ya zama gwamna a 2015 a ƙarƙashin APC, aka sake zaɓensa a 2019. A watan Oktoban 2021, yana kan mulki, 'yan majalisa takwas suka ce sun tsige Kakaki Abok Ayuba, suka ɗora Yakubu Sanda. Sai a 2023, wa'adin majalisar na gab da ƙarewa, wata babbar kotun jihar ta soke wannan mataki. Ba mu ce gwamna ne ya kitsa abin ba. Abin da muke cewa shi ne, gwamnatinsa ta ci gaba da aiki da shugabancin da takwas suka kafa, alhali tsohon kakaki da ya taɓa ɗanɗana wannan ɗaci yana da damar da zai ƙi yarda tun a ranar farko.

Wannan ba cutar mutum ɗaya ba ce. Rotimi Amaechi ya yi shekara takwas yana kakakin majalisar Ribas kafin ya zama gwamna a 2007, kuma a zamaninsa, a watan Yulin 2013, aka gwabza faɗa a zauren majalisar bayan mutum biyar sun yi yunƙurin tsige kakaki. A Ribas ɗin ne kuma aka dakatar da gwamna da majalisa baki ɗaya a watan Maris na 2025. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yawancin 'yan siyasarmu sun ɗauki majalisar jiha a matsayin tsani, da zarar sun hau sai su bar shi a hannun duk wanda ya ga dama.

Tushen matsalar kuɗi ne. Majalisar da ke jiran gidan gwamnati ya sakar mata albashi da motoci ba za ta iya tuhumar kasafinsa ba. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya ba majalisun jihohi 'yancin cin gashin kansu a harkar kuɗi, gwamnoni suka yi ta jan ƙafa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarni mai lamba 10 a 2020 don tilasta musu, Kotun Ƙoli ta soke shi a 2022, sannan aka sake gyara tsarin mulkin a 2023. Doka dai tana nan a rubuce, saura aiki da ita.

Lalong ya bar kujerar ministan ƙwadago ya shiga Majalisar Dattawa a watan Disamban 2023, bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi kujerar Filato ta Kudu. Majalisar Tarayya ce ke amincewa da dokar ta-ɓaci a ƙarƙashin sashe na 305, ita ce kuma ke da ikon karɓar aikin majalisar jiha a ƙarƙashin sashe na 11. Muna kira ga Sanata Lalong da sauran tsofaffin 'yan majalisun jihohi da ke zauren su nemi gyara guda biyu: a wajabta ƙidayar ƙuri'a da sunan kowane ɗan majalisa a duk inda doka ta bukaci kashi biyu bisa uku, a kuma ƙayyade wa kotu lokacin yanke hukunci kan shari'ar tsigewa, kamar yadda aka yi wa ƙararrakin zaɓe.

Hadimai da ma'aikatan da ke shirya takardun waɗannan manya su ma suna da nasu nauyi. Duk ranar da takarda ta iso teburinku tana neman a amince da sabon kakaki ko sabon gwamna da aka samar ta hanyar tsigewa, ku fara da tambayar yawan kujerun majalisar da yawan waɗanda suka sa hannu, ku rubuta amsar a layin farko na bayaninku.