SANIN ZAMANI: Dandalin X da kalmominsa

Samari da yawa na ƙasar Arewa suna dawowa daga cirani da babbar waya a aljihu. A Dogondutsi, da Matankari, da Kore Mairuwa, da Tibiri, in an zauna hira da dare, sai a ji wani ya ce: "Na gani a Twitter." Dattijo manomi ya yi shiru, don bai san abin ba. Makiyayi ma haka. Amma labarin da ake karanto musu sau da yawa ya shafi gonarsu da garkensu. Don haka ya kamata su san daga ina yake fitowa.

Mutanen karkara sun fi sanin WhatsApp. Shi kamar zaure ne: mutum ya aika murya ko hoto ga wanda ya zaɓa, ko ga ƙungiyar da yake ciki. Twitter kuwa kasuwa ce. Abin da mutum ya rubuta a can, kowa na iya gani, daga Doso har Makka, wanda ya san shi da wanda bai san shi ba.

An buɗe shi a shekarar 2006 a birnin San Faransisko na Amurka. Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, shi ya rubuta saƙon farko ranar 21 ga Maris. A watan Oktoba 2022 wani attajiri, Elon Musk, ya saye shi a kan dalar Amurka miliyan dubu 44. A watan Yuli 2023 ya sake masa suna, ya koma X, aka cire hoton shuɗin tsuntsu da aka san shi da shi. Har yanzu mutane da yawa tsohon sunan suke kira. Abu ɗaya ne.

Saƙon da ake rubutawa a wurin, a da sunansa tiwit, yanzu ana ce masa fos. Gajere ne. Da farko baƙaƙe 140 kawai aka yarda, don ya shiga cikin saƙon waya na wancan lokaci. A shekarar 2017 aka ninka, ya zama 280. Ana ƙirga har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Mai biyan kuɗi kowane wata yana iya rubuta fiye da haka. Wannan gajartar ta yi wa sabon mai karatu daidai: layi uku ko huɗu ne, kamar na allon yaƙi da jahilci. Sai dai a lura, yawancin masu rubuta Hausa a waya ba sa sa ƙugiya a kan baƙaƙe. Za a ga "kafa" a wurin "ƙafa", ko "bari" a wurin "ɓari". Mai karatu ya duba sauran maganar, zai gane wadda ake nufi.

Kowa yana da sunan da ake kiransa da shi a dandalin, kuma wannan alamar @ ce take gabansa. Na Jack Dorsey shi ne @jack. Ba a samun mutum biyu da irin wannan suna ɗaya. Amma sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe kusa da hoto, kowa na iya sa wanda ya ga dama. Yaro a Legas na iya sa hoton rawani, ya kira kansa sarki.

In mutum yana son ya riƙa ganin saƙon wani, sai ya bi shi. Ya zama mabiyinsa ke nan. Ba a biyan kuɗi don bin wani, mega ce kawai take ƙarewa. Yawan mabiya ba shaidar gaskiya ba ne. Mai tallan magani a kasuwa ma yana tara jama'a.

Akwai kuma wannan alamar #, wadda ake kira hashtak. Wani mutum mai suna Chris Messina ya kawo shawararta a shekarar 2007. In an sa ta gaban kalma, kamar #Dosso, duk wanda ya taɓa kalmar zai ga sauran saƙonnin da ke ɗauke da ita. Kamar yadda ake ware kara ta dabbobi daga layin masu hatsi. Ƙarfinta ya bayyana a shekarar 2014, lokacin da aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, a Najeriya. Da irin wannan alama kukan iyayensu ya kai ko'ina cikin duniya, har matar shugaban Amurka na lokacin ta ɗaga allo da ita.

A ƙarƙashin kowane saƙo akwai ƙananan hotuna. Zuciya tana nufin abin ya yi wa mutum daɗi. Ɗan kumfan magana na mai son ba da amsa ne. Kibiyoyi biyu masu juyawa su ne rifos, a da ritiwit, wato mutum ya ɗauki saƙon wani ya miƙa wa nasa mabiyan. To, a nan ne haɗarin yake.

A ce kaka ta yi. An yanke hatsi, amma wake da dawa suna nan a gonakin Dallol Mawri. Makiyaya sun fara gangarowa daga arewa, dabbobi na neman karmami. Sai wani saƙo ya fito, da hoton takarda mai hatimi, yana cewa an saki gonaki. Saurayi ya gani, ya taɓa kibiyoyin nan biyu. Wani ya ɗauki hoton saƙon ya sa a WhatsApp. Kafin azahar magana ta kai ruga. Alhali takardar ta bara ce, ko ta wata jiha. Shanu sun shiga waken da ba a roro ba, mai gona ya fito da sanda. Kowa a Arewa ya san inda irin wannan take kaiwa. Saurayin zai ce ba shi ya rubuta ba. Haka ne, amma shi ya kai.

Wani zai ce ai mai saƙon yana da shuɗiyar alama kusa da sunansa. A da, kamfanin yana ba da ita bayan ya tabbatar mutum sananne ne kuma shi ne da kansa. Tun ƙarshen shekarar 2022 mai biyan kuɗin wata ma yana samunta. Ba hatimin hukuma ba ce. Abin da ya fi amfani shi ne kwanan watan da ke jikin saƙon, da wanda ke jikin takardar. Mai karatu ya fara duba su kafin komai.

Ana iya share saƙo bayan an aika, amma wanda ya riga ya ɗauki hotonsa yana riƙe da shi. Kuma doka ta shiga maganar. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a shekarar 2019. A watan Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta waya, aka kuma tsananta a kan yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a.

Ranar sakin gonaki kuwa, dokar kiwo ta shekarar 2010 ta ɗora ta a kan hukumar jiha, kuma kowace shekara ake sake tsayar da ita, gwargwadon yadda damina ta kasance. Takardar tana sauka wurin prefe, da magajin gari, da sarakuna. Mai gari da hardo suna da labarinta. Kwamitin kula da filaye, wanda aka fi sani da Kofo, shi ma yana da ita, kuma ana karanta ta a rediyo da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci.